Saƙon Muryar da Ba a Ji Ƙarshensa Ba

Assalamu alaikum, mai gabatar da shiri. Ina gaishe ka da duk masu sauraro. Sunana Idi, noman rani nake yi a gefen Bunkure.

Mu da muka gama kwalejin aikin gona tare shekaru talatin da suka wuce, mun buɗe zaure a waya, aka ce kowa ya faɗi inda rayuwa ta kai shi. Wannan ya zama darakta, wancan 'yarsa ta zama likita. Kowa ya faɗi nasa, sai a bi shi da "Masha Allah, Allah ya ƙara ɗaukaka."

Da aka zo kaina ina bakin kwata ina ban ruwa, hannuna duk taɓo, sai na yi saƙon murya. Na fara da gaisuwa, na ce bana shinkafa ta yi kyau. A ƙarshe na ce matata Hajara ta rasu ana cikin girbi.

Amsoshi suka yi ta shigowa: "Masha Allah, Allah ya ƙara ɗaukaka." Har da Sale, wanda muka yi ɗaki ɗaya a makaranta. Ban ji haushi ba. Ban ji komai ba. Na mayar da wayar aljihu, na toshe ruwan.

Yanzu sun sa taro bayan Sallah, kowa ya zo da iyalinsa. Jiya Sale ya rubuto mini: "Lallai ka taho da amaryarmu Hajara."

Malam, a ba ni shawara, me zan amsa masa?