Bas Mai Katifa

A rumfar mai faci ta bakin tashar Haɗeja, Malam Nu'uman manomin shinkafa yana jiran tayar babur ɗinsa, sai ya leƙa wata bas, ya ga katifa a ciki.

"Alhaji, wannan mota ce ko ɗaki?"

"Duka biyun," in ji mai motar. "Na cire kujeru, na sa katifa da risho da labule. Fadama zan riƙa zuwa shan iska, in kwana bakin kogi."

"Ikon Allah! Mu da ambaliya ta kwantar a waje bara, ashe shan iska muke yi."

"Kai ba ka waye ba."

"To, waɗannan tayoyin da suka suɗe, su za su kai ka Auyo cikin taɓo?"

"Sababbi zan sa."

"Injin fa?"

Alhaji ya gyara zaman hularsa. "Yana wajen bakanike tun azumi."

"To yaya aka yi ta zo nan?"

"Turo ta aka yi. Hajiya ce ta ce tunda a ciki nake kwana, in matsar da ita daga ƙofar gidanta."