Tabarau ɗin Yuguda Direba

A tashar Tofa, ana jiran mota ta cika, wata dattijuwa mai buhun albasa ta tsaya tana ƙare wa Yuguda direba kallo.

"Malam, kai za ka ja mu da wannan tabarau? Ni fa ba na shiga motar mai ciwon ido."

Yuguda ya yi dariya. "Hajiya, ai bara ya kamata ki ji tsoro, lokacin da ba ni da shi. Na je sabunta lasin, aka ce in karanta allon gwajin ido, na kasa. Suka dakatar da ni, ga tsadar hatsi, ga iyali. Har Allah ya isa na yi musu."

"Da gaskiyarka. Mutum da sana'arsa!"

"A'a, yanzu addu'a nake musu. Yana ce a idona, aka cire. Da, in na ga dawar bakin hanya ta yi fari-fari, sai in ce rashin taki ne. Ashe idona ne."

"To, Alhamdu lillahi, ka ga hanya."

"Ba hanya kaɗai ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ranar da aka kwance mini ido na ga Larai, matata. Duk ta rame. Ashe tuwonta take juye mini a kwano, ta ce ita ta ci. Ni kuwa ina ta loma, ban gani ba."

Dattijuwar ta ce, "Allah sarki. Yanzu fa?"

"Yanzu kwano ɗaya muke ci, Hajiya. Maƙwabta suna mini dariya, ni kuwa hannunta nake kallo."