Jan Fenti a Shagon Mahaifiyata

Malam mai gabatarwa, barka da aiki, kai da masu sauraro. Ni ce Rifkatu daga Samaru.

Kimiyyar muhalli na karanta, bara kuma Allah ya ba ni aikin gwamnati. A ofis na ji cewa tun da Turawa suka zana Sabon Gari, sun bar wa ruwan sama hanyarsa a bayan layuka. Yanzu an yi gine-gine a kai, duk damina ruwa sai ya shiga gidajen mutane.

Makon jiya oga ya ba ni jan fenti, ya ce in shafa wa duk ginin da ya toshe magudanar ruwa a wajen PZ, za a rushe. Malam, har da shagon ɗinkin mahaifiyata, inda ta raine mu bayan rasuwar Baba.

Da ta gan ni da gwangwanin, sai ta ce, "Rifkatu, yi aikinki, kada su kore ki." Ta koma kan kekenta.

In na tsallake shagon, maƙwabta suna kallo. Gwangwanin yana ɗakina, ga damina ta kusa. Jama'a, ku faɗa mini, da wane hannu zan shafa?