Kaji Nawa Gare Ka, Maigida?

Jawabin Malam Aƙilu Sada, jami'in gona, a taron manoma na ƙarshen kaka a Dayi, 1965

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban Kwamitin Raya Kiwo, Alhaji Maitama. Mai girma wakilin Hakimi. Dagatai da masu unguwanni. Sarakunan noma na Dayi da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Malaman gona abokan aikina. Baƙinmu da suka taso daga Funtua da Malumfashi da Dandume. Iyayena maza da ke zaune a cikin rumfa, da iyayena mata da ke tsaye can gindin ɗorawa: assalamu alaikum, barkanmu da ganin ƙarshen kaka lafiya.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan fili, ina kuma godiya gare ku da kuka bar sussuka da ɗaurin auduga kuka zo. Waɗanda suka san ni sun san ba ni da yawan magana. Shekara huɗu ina aiki a cikinku, ban taɓa roƙon a ba ni fili a taro ba, yau ma ba ni na roƙa ba. An umarce ni ne in karanta muku wata takarda, in sa mata hannu a gabanku. Ga ta nan. Zan faɗa muku abin da ta ƙunsa, sa'an nan in faɗa muku dalilin da ya sa ba zan sa mata hannu ba.

Takardar ta ce kwamiti ya gama gina babban gidan kaji a bakin hanyar Malumfashi, inda za a zuba kaji dubu biyu irin na ƙasashen waje, cikin shingen waya, ƙarƙashin rufin kwano. Ta ce don kada kajin gida su kai musu ciwo, daga farkon watan gobe duk kazar da ke cikin ƙauyuka goma sha ɗaya na kewayen gidan, ko dai a kulle ta safe da yamma, ko a yanka ta. A ƙarshe ta ce jami'in gona ya tabbatar wannan doka ba za ta cuci kowa ba, domin mutanen wannan yanki ba masu kiwon kaji ba ne. A ƙarƙashin wannan layi aka bar wa sunana wuri, kuma dokar ba ta tsayawa sai da shi.

Magana ta farko: kwamiti bai ƙirƙiro wannan zance ba. Daga bakina ya same shi. Shekara biyu da suka wuce an tura ni ƙidayar dabbobi. Na shiga gida ɗari da arba'in, kuma a kowace ƙofa na yi abin da tarbiyya ta koya mini: na yi sallama, na nemi maigida, na zauna a zaure ko a gindin rumbu, na ce, "Maigida, kaji nawa gare ka?" Wani ya ce babu. Wani ya ce ɗaya. Na rubuta yadda aka faɗa mini, na haɗa, na aika. Ba wanda ya yi mini ƙarya a cikinsu. Ni ne na yi wa mutumin da ba shi ne mai abu ba tambayar abin da ba nasa ba.

Ban gane haka ba sai a daminar bana. Na je duba gonar Baba Labo, dattijon Maguzawan da ke gabas da rafi, ga shi can zaune kusa da Sarkin Noma. Da sassafe na isa, daidai lokacin da ake buɗe akurki. Kaji suka yi ta fitowa har na rasa inda zan jingine kekena. Na ce, "Baba Labo, ba kai ka ce mini zakara ɗaya gare ka ba?" Ya ce, "Har yau shi ne, ga shi can, ja. Shi ma na hidimar kakanni ne, ajiyarsa nake." Na ce, "To waɗannan fa?" Ya ce, "Tambayi masu su. Ni ƙwai ɗaya in na ɗauka a gidan nan, sai an kai ƙarata gidan surukai."

Sai ga uwargidansa, Inna Tsohuwa, da kwandon 'yan tsaki a kanta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Au, kai ne mai takardar nan? Kai ne ka zo ka tambayi mai gemu labarin kaji? Ɗana, don me ba ka tambaye shi tukwane nawa gare shi ba? Da sai ka rubuta wa gwamnati cewa ba mu cin tuwo." Matan gidan suka yi ta dariya. Na ce, "Inna, nawa ne naki?" Ta ce, "Manya ko har da na cikin kwando? Zauna dai, boko bai koya maka ƙirga mai ƙafa biyu tana gudu ba."

Na zauna. A gidan da na rubuta zakara ɗaya, na ƙirga kaji saba'in da uku na mata huɗu. Daga nan na koma gida arba'in cikin waɗanda na riga na shiga, na nemi izinin mazan, na yi magana da matan, wasu ido da ido, wasu ta bayan danga. Babu gidan da na samu ƙasa da kaza goma sha biyu. Na rubuta wa kwamiti gyara sau biyu. Aka amsa mini cewa rahoton farko shi ne ke kan fayil.

Magana ta biyu: abin da na gani ba sakaci ba ne, kiwo ne mai tsari, kuma ina faɗin haka da duk abin da aka koya mini a jami'a. Na bi Inna Tsohuwa zuwa gayaunarta. Tana kifa kwandon 'yan tsaki a inuwar kuɓewa, ta jera ƙaya a kai saboda shirwa, gobe ta matsar da shi gaba taku uku, ta yadda kullum suna kan sabuwar ciyawa, kashinsu kuma yana zama taki a inda suka bari. Tana cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da kara, ta yayyafa ruwa, ta kifa a bakin suri. Kafin rana ta yi zafi tukunya ta cika da gara, ta zazzage wa 'yan tsaki. Lokacin shuka tana tsare manyan har iri ya tsiro, ba wanda ya kafa mata doka. Bayan kaka, idan Fulani sun sauka a gona, sai ta kora su wajen garke, su tsince kaska, su tone tsutsa, su kalace hatsin da ya zube. Kazar nan ita ke ciyar da kanta. Abin da take nema a wurin mai ita shi ne ruwa, da toka saboda ƙuma, da ƙofar da za a buɗe mata da safe.

Kuma sana'a ce. Ku tambayi Madam Ebele, mai sayen ƙwai a bakin tashar jirgin ƙasa ta Funtua. Na tambaye ta daga ina take cika akwatunan da take aikawa kudu. Ta ce, "Malam, ni ban san gidan gona ba. Matan ƙauye na sani, ranar kasuwa, da ƙwai a ƙwarya cikin dusa." Daga wannan ƙwarya zanen mace yake fitowa, da gishirin miya, da akuyar fari da yarinya take soma kiwo da ita.

To, mene ne ma'anar a ce wa irin wannan mace ta kulle kazarta? Ma'anarsa ta ɗebi dawar da yara za su ci ta zuba wa kaza. Ba za ta yi ba, kuma bai kamata ta yi ba. Saboda haka kada mu ruɗi kanmu da cewa takardar nan zaɓi biyu ta bayar. Zaɓi ɗaya ne, wuƙa.

Ban ce kwamiti ba shi da hujja ba. Ciwon nan mai murɗe wuyan kaza gaskiya ne, yakan share ƙauye cikin kwana goma, kuma duk macen da ke tsaye can ta taɓa kwashe gawar kajinta da kwando. Amma muna da allurar rigakafinsa. Allurar da za a yi wa kaji dubu biyu na cikin waya, ita ce za a iya yi wa na cikin akurki. Kazar da aka yi wa allura ba ta kai wa gidan kwamiti ciwo. Ban ƙi gidan ba. A bar shi ya yi aikinsa, Allah ya sa ya yi albarka. Abin da na ƙi shi ne a share masa fili da dukiyar mutanen da ba a tambaye su ba.

Magana ta uku gajeriya ce. Ranka ya daɗe shugaba, ina roƙon abu biyu. A sake ƙidaya, a wannan karon mata su tambayi mata. Malama Rakiya ta ajin yaƙi da jahilci ta yarda ta jagoranci aikin, tana da ɗalibai a kowane ɗaya daga cikin ƙauyukan nan. Kuma a raba allura, a fara da akurkan da suka fi kusa da gidan kwamiti, kafin a zuba kaza ko ɗaya a cikinsa.

An yi mini nasiha, cikin ladabi, cewa jami'in da ya ƙi umarni a bainar jama'a ba ya daɗewa a wurin aikinsa. Na ji, na kuma auna. Na sani ana iya ɗauke ni, a kawo wani ya sa hannu. Amma ni na yi kuskurena ne cikin rashin sani. Wanda zai zo bayana ba zai samu wannan uzuri ba, domin yau dagatai sun ji, masu unguwanni sun ji, wakilin Hakimi ya ji, masu kajin kuma suna tsaye suna kallo. Duk wanda zai rubuta sunansa ƙarƙashin layin da ya ce ba ku kiwon kaji, sai ya fara zuwa nan ya faɗa da bakinsa.

Ranka ya daɗe, ga takardarka, na mayar da ita yadda aka ba ni.

Iyayena mata, ba a kafa doka ba. Kada kowa ta yanka kazarta don tsoro, kada kowa ta kai kasuwa ta yasar. Gobe da safe ku buɗe akurki.

Allah ya raya abin da kuke kiwo, ya tsare shi daga ciwo da shirwa. Allah ya sa albarka a hatsin da muka shigar rumbu, ya ba shugabanninmu kunnen sauraro, ya ba mu ma'aikata ƙarfin gyara abin da muka ɓata. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.