Mai Bishiyar Garinku

Jirgin ƙasa mai zuwa Wales ya makara. Bethan na tasha tana kallon fim ɗin Kirsimeti a waya, wani dattijo ya leƙo.

"'Yata, ƙarshen ɗaya ne. Yarinyar ta je ƙauye hutu, ta yar da saurayin birni, ta auri mai sayar da bishiyar Kirsimeti."

"Ai daɗin ke nan, Baba."

"Nawa fim ɗin daga Janairu zai fara. Ba mai sayen bishiya, ango ya miƙe ƙafa, amarya na sharar ganye."

Ta ƙyalƙyace da dariya. "Saurayin birnin fa?"

"Ga shi gabanki, shekara talatin yana tasha, yana leƙen wayar mutane." Ya dubi zoben baikonta. "Naki fa?"

"Yana Landan, aiki."

"Akwai mai bishiya a garinku?"

"Akwai... ɗan ajinmu ne."

"Kira naki na Landan ya biyo ki a jirgi. Yanzu!"