Kafin Mai Fenti Ya Iso

Shugabar wannan taro, shugabannin ƙungiyoyi ukun da suka haɗa kai suka tara mu, manyan baƙi, likitoci da masu horarwa, 'yan wasanmu maza da mata, iyaye da sauran jama'a, assalamu alaikum.

Na gode da kuka tuna da tsoho mai gyaran keke. An miƙo mini takarda in karanta, na mayar wa mai ita, domin ni da boko ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa mu ba. Abin da ke cikina zan faɗa, kuma magana uku ce.

Ta farko. Shekarar da ruwa ya tafi da babbar gada, a shekarar aka fara tseren nan, kuma a ƙofar shagona aka fara shi, ba a wannan fili mai ciyawa ba. Ƙanena, wanda shan inna ta taɓa masa ƙafafu, shi ya zo ya ce, "Yaya, keken nan da ka haɗa mini tafiyar kunkuru yake yi."

Na ce, "Kunkurun yana saman keken."

Ya ce, "To, sauya taya mu gani."

Na sa masa siraran tayoyi, na rage tsayin kujera, na yi walda. Ya ƙalubalanci abokansa biyu masu keke irin nasa, mai ɗinki da mai gyaran rediyo. Ya wuce su kamar an harbo shi, ya kasa tsayawa, sai cikin tiren mai lemu. Daga ranar sunansa ya koma Ba-Birki. Babu alƙali, babu kofi, babu mai hoto, amma duk layin ya rufe shago ya fito kallo. Allah ya jiƙansa.

Ta biyu godiya ce. A da kowace ƙungiya gabanta take ci: wannan ta kawo riguna, waccan ma ta kawo riguna, taya kuwa babu. Yau kun haɗa kai, ga kekuna, ga likita, ga lambar yabo a wuyan yaranmu. Na ga abin da ban zaci zan gani ba. Shi ya sa da ƙarfina ya ƙare na ba ku shagona ku yi ofis, da zuciya ɗaya.

Ta uku ce mai nauyi. Tunda ban iya rubutu ba, duk wanda ya ci tsere nakan tsoma tafin hannunsa a baƙin mai, ya dafa bangon cikin shago. Akwai wata da ba ta da hannu, ita tafin ƙafa ta sa. Tafi arba'in da bakwai ke jikin bangon nan, sha tara daga masu su suna ƙarƙashin ƙasa. Ba su da hoto, ba su da takarda, kuma ban da ni babu wanda ya san na wane ne wanne.

Jiya sakatariyarku ta ce mini, "Baba, bangon nan duk dauɗa ne, jibi mai fenti zai zo."

Na ce, "'Yata, dauɗar nan tana da 'ya'ya da jikoki."

Ban ga laifinta ba, ba ta sani ba ne. Amma ku yanzu kun sani. Ban ce kada ku gyara ofis ba, ban ce ku ba ni komai ba. Cewa na yi a rubuta sunayensu tun bakina yana motsi, a karanta su duk shekarar da za a raba lambobin nan.

Allah ya ƙara haɗa kanku, ya ƙarfafa damatsan yaranmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mayar da kowa gida lafiya.

Gobe da safe zan ɗauki kujerata in zauna a jikin bangon nan. Ku turo mini mai biro da takarda. In mai fenti ya riga shi zuwa, sai ya haɗa da ni ya shafe.

Na gode.