Mai Jar Riga

A ɗakin jiran jirgi, a wata ƙasa mai nisa, wata budurwa mai koren mayafi ta zauna kusa da dattijuwar da ta ji tana Hausa a waya.

"Mama, don Allah in mai jar rigar can ya zo, ki ce ni 'yarki ce."

"Ba yayanki ba ne?"

"Yayana kuma? A layin duba fasfo na fara ganinsa. Hannunsa sai sauka yake a ƙuguna."

"Ko dai cunkoso ne?"

"Haka na ce wa kaina. Amma cunkoso yana bin mutum har ƙofar banɗaki?"

"Ikon Allah. Ai shi ya ɗaukar min jaka, da Hausarsa, har da rusunawa. Ya ce ƙanwarsa mai koren mayafi ta ɓace masa."

"Me kika ce?"

"Na nuna masa inda kika nufa. Har albarka na sa masa. Ɗan gida ne fa, 'yar nan. Ni na ɗauka baƙi ake tsoro."

"Ga shi nan tafe."

"Matso jikina. Ni na nuna masa hanya, ki bar ni da shi."